Surukin Hajiya Jaratu Likitan Haƙori Ne

Kaf unguwar Briqueterie ta Yaoundé an san surukin Hajiya Jaratu likitan haƙori ne. Masu tsire na bakin titi sun sani, teloli sun sani, har matan Ekoudou da ke shigowa sayen atamfa sun sani, don Hajiya ba ta gajiya da faɗa. Shi ya sa ranar da likitar ciwon suga ta janye mayafin da Hajiya ta rufe baki da shi, ta haska fitila ciki, sannan ta juyo ta tambayi 'yarta, "Yaushe rabon da likitan haƙori ya duba bakin nan?", Nuriyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce fa matar likitan haƙorin.

Ba ma don baki suka je asibitin ba, ƙafa ce ta kai su. Tun kafin azumi sabon takalmi ya goge wa Hajiya babban yatsan ƙafar hagu, ɗan ciwon da bai kai a yi maganarsa ba. To amma Hajiya na da suga, sai ciwon ya zama gyambo ya ƙi ƙamewa. An sha ƙwayoyi, an koma allura. Baiwar Allah ta bar shayi mai madara, ta bar fanke, ta bar wainar da ita kanta ta yi suna wajen toyawa, amma duk safiyar da aka auna sai a tarar suga yana can sama ya yi kememe.

Likitar wata doguwar mace ce mai tabarau, irin waɗanda ba su da lokacin lallashi. Ta yafito Nuriyya, ta ce da Faransanci, "Zo ki gani da idonki."

Nuriyya ta leƙa. Wayyo Allah! Dasashin ya kumbura ya yi jajir, haƙoran ƙasa sun yi kanta har wasu na motsi. Can sama kuma, daidai gindin haƙorin Makka, ƙurji ne ya taru, likitar ta ɗan danna shi mugunya ta tsatso. Warin da ya bugi hancin Nuriyya sai da ya sa ta ja da baya.

"Ga abin da ke riƙe da sugan," in ji likitar. "Jikinta dare da rana yana yaƙi da wannan ruɓa. Muddin tana nan suga ba zai sauka yadda muke so ba, muddin bai sauka ba ƙafar ba za ta warke ba. Sugan kuma shi ke ƙara ruɓar da bakin, kin ga kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Yatsan ya fara baƙi. In ya haura, ba yatsa kaɗai za mu yanke ba, sai dai mu yi maganar ƙafa. Ku nemi likitan haƙori cikin makon nan. Kun san wani?"

Nuriyya ta ce sun sani. Hajiya ba ta jin Faransanci, amma ta ji komai a muryar. Ta mayar da mayafinta kan baki, suka shiga taksi suka koma gida.

Nuriyya ko zaure ba ta shiga ba. Ta ce wa mai taksi ya wuce da ita Messa, inda mijinta Shamsuddin yake da ɗan ofishinsa a saman wani shagon kayan gini. Ta hau matakalar nan zuciyarta na tafasa, ta tarar ya sallami wani yana wanke hannu.

"Shamsuddin."

Ya waigo a firgice. Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin sunansa gatsal a bakinta ba, Dokta take ce masa, ko Baban Rayyan.

"Bakin Hajiya ya ruɓe. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Da a ce ya zaro ido ya ce subhanallahi, da an wuce wurin. Amma sai mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da murza hannun da ya riga ya fita tas.

"Na lura," ya ce.

"Ka lura! Tun yaushe?"

"Tun wajen babbar sallar bara. In na durƙusa gaishe ta nakan ji alamar, ga ƙanshin kanumfari da ya yi yawa. Leɓenta na sama kuma ya ɗan tasa."

"Tun bara. La'ilaha illallahu. Tun bara kake shiga gidan uwata kana shaƙar ciwonta, ka dawo ka ci tuwona ka yi barci?"

"Ai na aika mata da maganin kurkure baki ta hannunki. Kuma na taɓa ce miki ya kamata a riƙa duba bakin tsofaffi."

"Tsofaffi! Tsofaffin unguwar nan guda nawa ne? Ni boka ce da zan gane wace tsohuwa kake nufi?"

"Nuriyya, ki yi mini adalci. Surukata ce fa. Ko cikin idonta ban taɓa kallo ba. Da wane bakin zan ce wa matar da ta haife ki bakinta na wari?"

"Ni fa? Ni ma surukarka ce da ba za ka gaya mini ba?"

"Mahaifiyarki ce. Na ji nauyi."

Ka ji fa, nauyi. Nuriyya ta juya ta nuna bangon ofishin, inda ya manna wani ƙaton hoto mai launi da ke nuna yadda ciwon dasashi ke taɓa zuciya da suga da ciki mai juna biyu. Shi ne mai tara iyayen yara a makarantar Islamiyya yana musu wa'azin buroshi da asuwaki. Shi ne in baƙo ya yi hamma a gidan biki sai ya ja shi gefe ya ce malam ka zo in duba ka. Duk Yaoundé ya ga bakinta, ban da bakin da ya fi kusa da shi.

"Za a yanke mata ƙafa," ta ce. "Ka ji ko? Ƙafa. Sai ka je ka durƙusa wa guntun ka gaishe shi da ladabi."

Shamsuddin ya zauna daɓas a kujerar marasa lafiya. Ya ce akwai wata abokiyar karatunsa a unguwar Madagascar, mace ce, ta iya aiki, yanzun nan zai kira ta. Nuriyya ba ta tsaya jin sauran ba, ta banko ƙofar ta sauka.

A gidan Hajiya ta tarar Goggo Aisatu, ƙanwar marigayi mahaifinta, ta riga ta baje a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Goggo irin matan nan ne da ba a yin ciwo ko suna ko rasuwa a dangi ba tare da su ba, kuma ba su taɓa rasa abin faɗa. Hajiya na kan gado ta miƙe ƙafar a kan matashi.

Nuriyya ta durƙusa ta yi bayani dalla-dalla, ta sassauta murya iya ƙoƙarinta. Ta ce an samu likita mace, gobe za a je.

"Ba inda za ni," in ji Hajiya ta bayan mayafi.

"Hajiya, ƙafarki fa."

"Ƙafa tana ƙasa, baki yana sama. Me ya haɗa su? Ku dai kun ga haƙorina ya tsone muku ido."

A nan fa take. Wanda bai san tarihin haƙorin nan ba zai ce taurin kan tsufa ne kawai. Shekara da shekaru Jaratu mai waina ake ce mata. Tun asuba tana gaban tanda a bakin masallaci, hayaƙi na cin idonta, yaran da ta girme wa iyayensu na kiranta da suna. Da Allah ya kira ta ta sauke farali, ranar da za su baro Makka ta shiga wani ɗan shago, aka goge mata haƙorin gaba aka ɗora zinariya nan take. Ta sauka a jirgi ta yi murmushi, daga ranar ba wanda ya sake ce mata mai waina.

"Hajiya Mu'mina ta je wajen irin waɗannan likitocin," Hajiya ta ci gaba. "Ta shiga da haƙorinta ta fito da giɓi. Ko tambayarta ba su yi ba, suka fizge suka jefa a kwano kamar ƙashin kifi. Wanda bai san Makka ba, ina zai san abin da ya riƙe? Ni in za a taɓa shi sai wanda ya san darajarsa, wanda in ya ce mini babu dama na san ya gwada."

"To ai akwai shi," in ji Nuriyya. "Baban Rayyan ya je Makka. Ya san darajarsa."

Goggo Aisatu ta saki gyaɗar ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Ke Nuriyya, kina da hankali kuwa? Uwarki ta kwanta ta wangale baki a gaban surukinta? Matar da ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba? So kike a yi da mu a gidajen biki?"

"Goggo, gara a yi da mu tana tafiya da ƙafarta."

"Ji min yarinya! Mu da kunya aka san gidanmu. Ki dubi uwarki, shekaru sun ja amma har yau in maza sun shigo sai ta rufe baki da mayafi. Kowa na yabawa."

"Ciwo take ɓoyewa, Goggo! Mugunya ce a bayan mayafin da kuke yabo!"

Hajiya ta juya fuska bango. Goggo ta tattara gyaɗarta tana salati, tana cewa boko ya gama da 'ya'yan yanzu.

Nuriyya ta fito tsakar gida ta tsaya. Duba mata wannan ƙulli: wanda Hajiya ta yarda da shi kunya ta hana, wanda kunya ta bari Hajiya ba ta yarda da shi ba. Kowa na da hujjarsa, kowa mutumin kirki ne, kowa na kare mutunci, yatsa kuwa yana can cikin bandeji yana ƙara baƙi. Ta ji ta tsani kalmar kunya, ta tsani durƙuson mijinta, ta tsani gyaɗar Goggo. Har haƙorin ma, Allah ya yafe mata, ta ji ta tsane shi.

Nuriyya tela ce, shagonta na nan bakin layi. In ranta ya ɓaci can take zuwa ta taka keke har ya huce. Ta shiga ta janyo wani farin yadi da aka kawo za a yi labule, ta shimfiɗa a tebur, ta ɗauki almakashi ba tare da ta san abin da za ta yanka ba. Sai ta tsaya. Ta ninke yadin, ta yanke tsakiyarsa, ta buɗe, ga rami daidai faɗin baki. Ta kalmashe gefen ta bi shi da ɗinki don kada zare ya shiga wa mutum baki, tana taka keken kamar shi ya yi mata laifi.

Da la'asar ta koma ɗakin Hajiya. Goggo na nan, ba ta tafi ba, ina za ta je ta bar labari.

"Hajiya, an samu wani likita ya zo daga Douala. Alhaji ne, ya san haƙorin Makka. Ba ya jin Hausa ko kaɗan, sai na fassara. Kuma mutum ne mai tsantseni, ba ya kallon fuskar mata, sai an rufe da wannan."

Ta ɗaga yadin. Hajiya ta dubi ramin, ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta.

"A ina zai yi aikin?"

"A Messa. Baban Rayyan zai yi tafiya Ngaoundéré, ya ba shi aron ofis."

"Daga Douala, kika ce."

"Daga Douala."

Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, Hajiya ta ɗaga mata hannu. "To," ta ce. "Allah ya kawo shi lafiya. Shi kuma mai tafiya Allah ya kiyaye hanya."

Shamsuddin da ya ji shirin sai ya ce, "Nuriyya, ai za ta gane muryata."

"Ta riga ta gane tun ba ka yi magana ba. Kai dai ka riƙe Faransancinka. In ka kuskura ka yi mata sannu da Hausa, wallahi ni da kai ne."

Ya kira likitar suga suka yi shawara, aka ɗora Hajiya a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki, aka sa ranar aiki da safe bayan ta karya an auna ta. A 'yan kwanakin nan Shamsuddin ya zama ɓarawo a unguwarsu. Tun da an ce ya yi tafiya, ba shi da damar bi ta layin Hajiya, sai ya zagaya ta bayan masu tsire yana sunkuyar da kai. Su kuwa da suka ji labari, in ya wuce sai su ɗaga murya su ce, "Dokta, ya Ngaoundéré? Ya sanyi?"

Ranar aiki aka ɗauki Hajiya a kujera aka hau da ita matakala, don ƙafar ba ta takuwa. Nuriyya ta kwantar da ita, ta lulluɓe ta da yadin tun daga goshi har ƙirji, ta daidaita ramin. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar ciki. Likitan Douala ya fito da takunkumi a fuska, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai.

"Bonjour, madame," ya ce.

"Yana gaishe ki," in ji Nuriyya.

"Ina amsawa. Ya hanya?"

Ya ɗauki hoton haƙorin, ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan ƙarfe ya taɓa nan ya taɓa can. Sannan ya yi bayani da Faransanci, a hankali, idonsa a ƙasa. Tun ranar da aka goge haƙorin aka ɗora zinariyar ba ta zauna daidai ba, ta bar 'yar kafa a gindi inda abinci ke maƙalewa. Daga waje zinariya na ƙyalli, daga ciki haƙori na cinyewa, har ruɓar ta bi saiwa ta kai ga ƙashi. Da an zo da wuri, da an wanke saiwar an mayar da zinariyar. Yanzu babu abin da za ta zauna a kai.

Nuriyya ta fassara. Da ta zo kan "da an zo da wuri" ta maimaita shi sau biyu, ba don Hajiya ba.

Can bakin da ke cikin ramin ya motsa. "Tambaye shi, tsakaninsa da Allah, babu dama?"

Ba ta kai ga tambaya ba ya girgiza kai. Nuriyya ta harare shi, sannan ta tambaya da Faransanci yadda aka tsara, ya amsa.

"Ya ce tsakaninsa da Allah babu."

"To ya yi bismillah."

Ya yi, a ransa. Ya yi allurar kashe zafi, ya jira ta kama, ya sa hannu. Abin da ya ƙara ƙona wa Nuriyya rai shi ne yadda aikin ya tafi sumul. Hannun nan bai yi rawa ba, bai yi gaggawa ba, kafin ta gama karanta abin da take karantawa haƙori ya fito, baƙi ƙirin daga ciki, ya wanke ramin ya matse mugunyar ya sa auduga. Aikin da bai kai daɗewar dafa shinkafa ba! Wannan ne aka shekara ana jin nauyinsa.

Ya raba zinariyar da ruɓaɓɓen haƙorin, ya wanke ta tas, ya naɗe a farar auduga, ya miƙa wa Nuriyya da hannu biyu. Ta cusa ta ƙarƙashin yadin. Hannun Hajiya ya damƙe ta, yadin ya ɗan jiƙe daidai wajen idanu, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Suga ya fara sauka, kamar yadda likitar ta faɗa. Kumburin leɓe ya sace, Hajiya ta fara cin abinci ba tare da ta yamutsa fuska ba, jan da ya fara hawa ƙafar ya tsaya. Amma yatsan ya riga ya mutu. Likitar ta duba ta sake dubawa, ta ce ƙafa ta tsira, yatsa kam sai haƙuri. Aka yanke shi ranar wata Talata.

Sai ga 'yan dubiya, ɗaki ya cika da mayafai da kwanonin kunu. Kowa ta zauna sai ta ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Goggo Aisatu na tsakiya tana ba da labarin likitan Douala da ƙyafta ido, tana cewa ai samun suruki mai kunya irin Dokta sai an tona, shekara nawa bai taɓa ɗaga ido ya kalli surukarsa ba. Matan na cewa masha Allah. Nuriyya na bakin ƙofa da tire a hannu, ta ji kamar ta kife musu shi a ka. Ƙaddara! Ƙaddarar da aka shekara ana shaƙar warinta ana kawar da kai. Ta dire tiren da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara, ta fice.

A gidanta kuwa magana tsakaninta da Shamsuddin ta koma ga abincinka, an gode. Ya ba da haƙuri har ya gaji. Ita kuwa duk sanda ta ga Hajiya ta dafa bango tana koyon taku kamar yaro, sai abin ya dawo mata sabo.

Da ƙafar ta yi sauƙi, likitan Douala ya sake zuwa, don sauran haƙoran na buƙatar wanki, in ba haka ba gidan jiya za a koma. Shamsuddin ya sake tafiya Ngaoundéré. Wannan karon Hajiya da sanda ta hau matakalar, tana hutawa a hanya, ta ƙi a ɗauke ta. Aka lulluɓe ta, ya kankare kantar da ta taru a gindin haƙora, ya nuna wa Nuriyya yadda za a riƙa goge su da buroshi mai laushi safe da dare, da yadda za a gane in dasashi ya fara jini. Ya gama, yana cire safar hannu.

"Ke," in ji Hajiya daga ƙarƙashin yadin. "Gaya wa likitan nan na gode. Hannunsa ba nauyi."

Nuriyya ta faɗa da Faransanci. Ya ɗan rusuna.

"Ki gaya masa ina da suruki mai irin aikinsa."

Shamsuddin ya tsaya da safa ɗaya a hannu. Nuriyya ta fassara.

"Yaron kirki, ga ladabi. Duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata. Na san ya ji warin, don ina ganin yadda yake ɗauke numfashi. Duk zuwan da zai yi sai in ce a raina, yau zai faɗa, ko ya aiko a faɗa mini. In yi faɗa, in yi fushi, in kwana biyu ba na amsa gaisuwa, sannan in bi. Ni tsohuwa ce, ba zan iya buɗe baki in ce surukina ya duba ni ba. Amma shi likita ne, aikinsa ke nan. Sai ya zaɓi in riƙa ce masa mai kunya. To ga shi ina ce masa, ina ɗingishi."

Kai, Nuriyya ta ji sanyi har cikin ƙashinta. Ta gyara tsayuwa ta juye masa shi da Faransanci kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba, inda ya yi laushi ma ta ƙara masa gishiri. Shamsuddin na tsaye kansa a ƙasa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja a saman takunkumi. Nuriyya ta kai hannu za ta yaye yadin, ranta fes.

"Ban gama ba," in ji Hajiya. "Ki gaya masa ina da 'ya kuma."

Hannun Nuriyya ya tsaya.

"Kullum da safe kafin ta buɗe shago sai ta zo ta zauna a ƙasa ta wanke mini ƙafa, ta shafa magani ta ɗaure. Ba ta taɓa fashi ba, Allah ya yi mata albarka. Amma duk watannin nan ina mata magana ta bayan mayafi, mu biyu a ɗaki ba namiji, ina jiƙa burodi a ruwa kafin in iya ci, na bar goro na bar nama, ba ta taɓa ɗago kai ta ce Hajiya me ya sami bakinki ba. Shi dai an ce kunya. Ita ba surukata ba ce, ni na haife ta. Ban san me ya hana ta ba."

Nuriyya ta buɗe baki, Faransancin ya ƙi fitowa. Ta dubi mijinta, ya kawar da kai. Ta dubi farin yadin da ta yanka da hannunta, ba ido ba fuska, sai baki mai giɓi a gaba yana jira.

"Ke nake saurare," in ji Hajiya. "Faɗa masa mana. Ai ba ya jin Hausa."